Wida, tsohuwar tashar da hajarta mutane ne

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da ya taɓa zuwa fiton kaya a Kwatanu, in ka ce ya ba ka labarin garin, wurare uku zai lissafa maka: bakin tashar jiragen ruwa inda ake zaman jiran takardun duwan, unguwar Zango inda ake sauka a ci tuwo a yi salla, sai kasuwar Dantokpa inda ake sayen tsaraba. Ma'aikacin gwamnatin da aka tura taro daga Yamai shi ma bai wuce otel da zauren taro da filin jirgin sama ba. Wani ya shekara ashirin yana wannan kai da komo, ya san Kandi da Paraku da Bohikon kamar tafin hannunsa, amma bai san cewa kimanin kilomita 40 yamma da Kwatanu, a kan hanyar Lome, akwai wani ɗan gari mai suna Wida ba, wanda ake rubutawa Ouidah da Faransanci.

Wannan ɗan gari shi ne babbar tashar wannan gaɓa tun Kwatanu ba ta san za ta zama birni ba. Tasha ce mai dillalai da masu awo da masu karɓar kuɗin fito, kamar kowace tasha, sai dai hajar da ake lodawa cikin jiragenta ƴan Adam ne. Masana tarihi sun ƙiyasta fiye da mutum miliyan 1 aka fitar ta Wida daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa wajen 1860, a duk Afirka tashar Luwanda ta Angola kaɗai ta fi ta. A cikin waɗanda aka fitar ɗin akwai masu jin harshen da nake rubuta wannan takarda da shi. Shi ya sa na ga ya kamata in ba mai karatu labarin abin da na gani a can, ko Allah ya sa wata rana ya keɓe wa garin yini guda.

Shiga gari

Daga Kwatanu tafiyar ba ta wuce awa ɗaya a motar haya ba, in babu cunkoso a mashigar Godome. Gudron ne har can. Akwai kuma wata hanya da ke bin bakin teku, wadda suke kira hanyar masunta, tana ratsa ƙauyuka da gonakin kwakwa. Da zarar ka sauka daga babban titi ka shiga cikin Wida, abin da za ka fara lura da shi shi ne shiru. Bayan hayaniyar Kwatanu da hayaƙin zemijan, wato kabu-kabunsu, sai ka ji kamar an toshe maka kunne. Ƙasar ja ce, iskar mai laima, tufa na manne wa mutum a jiki tun da hantsi. Itatuwa manya-manya, inuwa ko'ina, abin da ɗan Sahel ba ya gajiya da kallo.

Gidajen tsakiyar gari ba su yi kama da na sauran garuruwan Benin da ke kan hanyarmu ba. Tsofaffin soraye ne masu fentin ƙasa-ƙasa da ruwan hoda, da tagogin katako dogaye, da zane a saman ƙofofi, wasu an gyara, wasu ruwan sama ya cinye su. A bakin ƙofofin da kan allunan shaguna za ka riƙa cin karo da sunaye irin su de Souza da da Silva da d'Almeida, alhali masu sunayen baƙaƙe ne kamar ni da kai. Waɗannan su ake kira Aguda: wasu jikokin dillalan bayi ne da suka zo daga Barazil, wasu kuma jikokin bayin da suka ƴantu suka dawo. Yau unguwa ɗaya suke zaune, suna auratayya, suna biki tare.

Mutanen gari suna kiransa Gelehwe, wai ma'anarsa gidan gona. Asalinsa ƙauyen noma ne na masarautar Hweda, wadda fadarta ke Sabi, ƴan kilomitoci arewa da nan, kuma daga sunan Hweda ne Turawa suka samo Wida. A 1727 Sarkin Dahomai Agaja ya sauko daga Abome ya ci Sabi da yaƙi, ya ƙone ta, tashar ta koma hannunsa. Daga nan sarakunan Abome suka riƙa naɗa wakili a Wida mai sarautar Yobogan, wato shugaban fararen fata. Mu ma mun san irin wannan sarauta, don a Agadas Sarkin Turawa shi ke kula da fataken Larabawa da kuɗin fitonsu. Aiki ɗaya ne: baƙo ba ya saye ba ya sayarwa sai da sanin sarki, kuma sarki shi ke fara zaɓe cikin haja.

Ganuwar Fotugal

Turawa uku suka gina ganuwa a Wida: Faransawa da Ingilishi da mutanen Fotugal. Ta Faransa da ta Ingila sun rushe, sai sunayen unguwanni suka rage. Ta Fotugal, wadda aka gina a 1721, ita ce har yau take tsaye. Fili ne mai kusurwa huɗu, kimanin hekta guda, da katanga mai kauri, da tsofaffin igwa a kusurwoyi, da ɗan coci a ciki. Abin mamaki game da ita shi ne taurin kan masu ita. Faransa ta ci Dahomai tsakanin 1892 da 1894, ta mulki ƙasar fiye da shekara sittin, amma wannan ɗan fili ya ci gaba da zama ƙasar Fotugal da tutarsa. Dahomai ta sami ƴancin kai ranar 1 ga Agusta 1960, kwana biyu kafin namu, duk da haka wakilin Fotugal ya ƙi tashi. Sai da sabuwar gwamnati ta ba shi wa'adi a 1961, shi kuwa da zai fita ya cinna wa gidan wuta. Daga baya aka gyara shi, a 1967 aka mai da shi gidan muze na tarihin Wida. Gwamnatin Patrice Talon, wanda ya hau mulki a 2016 kuma shi kansa haifaffen Wida ne, ta shiga babban aikin sake gyaran ganuwar da sauran wuraren tarihin garin.

A wannan ganuwa ɗan kasuwa zai fi kowa gane abin da ake nuna masa, domin harshen ciniki ne. Me Turawa ke kawowa? Bindigogi da albarushi, da yadudduka, da barasa, da sandunan ƙarfe, da tabar Bahiya ta Barazil wadda ake shafa wa ruwan rake don ta yi zaƙi, sai kuma wuri. Wurin nan daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso shi, a kai Turai, a sake lodo shi zuwa wannan gaɓa. Daga bakin teku ya riƙa haurawa arewa hannu zuwa hannu har ya zama abin ciniki a kasuwannin Kano da Katsina. Kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce. Ashe wani ɓangare na kuɗin da kakanninmu suka ƙirga a ƙasa, biyar-biyar, ta nan ya shigo, kuma mutum aka bayar aka karɓe shi.

Gidan mesa da babban coci

Daga ganuwa tafiya kaɗan ce a ƙasa zuwa wani dandali wanda babu irinsa a duk inda na taɓa zuwa. A gefe guda gidan tsafin Dangbe, wato gidan mesa. A ɗaya gefen, ido da ido, babban cocin Katolika wanda aka gina daga 1903 zuwa 1909. Mesar da ake ajiyewa a nan ƙarama ce, ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce gaba ɗaya ba. Suna kwance a wani ɗaki mai zagaye, sun nannaɗe da juna a kan siminti, masu hidima suna ɗauko ɗaya su rataya wa baƙo a wuya in yana son hoto. Ni dai daga nesa na gaishe su. An ce mini da dare akan bar musu ƙofa su fita neman ɓeraye, wanda kuma ya tsinci ɗaya a ɗakinsa ba ya kashewa, ɗaukowa yake ya maido gida da girmamawa. Mutanen Hweda na asali kana gane su da tsage bibbiyu a goshi da kumatu da gefen ido, alamar su mutanen mesa ne.

Addinin gargajiyarsu shi ake kira bodun. Wanda ya tashi a Maraɗi ko Tsibiri ya ga ƴan bori da kiɗan garaya da hawan iska, ba zai rasa gane wasu abubuwa ba, kamar yadda mai sanin labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura ba zai yi mamakin gari ya girmama maciji ba. Bambancin shi ne a can abin yana da hukuma da ranar hutu. Bayan taron ƙasa na Benin a 1990, gwamnatin Nicéphore Soglo ta shirya gagarumin bikin al'adun bodun a Wida a farkon 1993, daga baya kuma aka ware rana cikin watan Janairu ta zama hutun addinan gargajiya. A lokacin bikin ne dodanninsu ke fitowa: Egungun masu tufafi masu ƙyalƙyali, waɗanda ake cewa magabata ne suka dawo ziyara, da Zangbeto masu gadin dare, da suke kama da ɗan rumbun ciyawa mai juyawa. A gefen gari kuma akwai kurmin Kpase, inda wata tsohuwar itaciyar loko take, wadda suke cewa sarkin da ya kafa garin ne ya rikiɗa ya zama ita don ya tsere wa maƙiya.

Musulmi ba ya zuwa irin waɗannan wurare neman tubarraki, kallo ne da neman sani. Abin da na ɗauka a dandalin shi ne yadda ƙararrawar coci da gangar tsafi da kiran salla ke tashi a gari ɗaya, kowa yana harkarsa. Domin Wida tana da Musulmi da masallatai, kuma tarihin Musuluncinta na da ban mamaki: cikin waɗanda suka fara tsai da salla a unguwar Maro akwai ƴantattun bayi da suka dawo daga Barazil da addininsu a ƙarni na 19. Wato Musulunci ya zo wa wannan gari ta arewa tare da fatake, ya kuma zo masa ta teku tare da waɗanda aka sayar.

Hanyar bayi

Wida ba a bakin ruwa take ba. Tsakaninta da teku akwai wajen kilomita 4 na fadama da tafki, kuma wannan tazara ita ce ake kira hanyar bayi. Ana iya bin ta a kan zemijan cikin minti goma, amma shawarata a taka da ƙafa, da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Hanyar tana farawa daga dandalin Shasha, ƙarƙashin wata babbar itaciya inda aka ce nan ake baje bayi a yi ciniki. Shasha laƙabin Francisco Félix de Souza ne, mutumin Bahiya da ya zo wannan gaɓa yana ƙaramin ma'aikaci a ganuwar Fotugal. Ya ƙulla amana da wani ɗan sarki mai suna Gezo, ya taimake shi ya ƙwace gadon Abome a 1818, Gezo kuma ya saka masa da fifiko a cinikin tashar. A lokacin Ingila ta riga ta haramta fataucin bayi tun 1807, jiragen yaƙinta suna sintiri a teku, amma haramcin bai hana Shasha zama attajirin gaɓar ba har ya mutu a 1849. Gidansa na nan a bakin dandalin, kabarinsa na cikin gidan, zuriyarsa kuma har yau suna riƙe da sarautar.

Daga nan masu rakiyar baƙi za su kai ka zango-zango. Akwai gurbin itaciyar mantuwa, inda suke cewa ana sa namiji ya kewaya sau 9, mace sau 7, don su manta da sunansu da garinsu. Akwai Zomayi, ma'ana inda haske ba ya shiga, ɗakin duhun da ake tsare mutane har jirgi ya iso. Akwai ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin lodi, a ƙauyen Zungboji, an yi masa ginin tunawa. Akwai kuma itaciyar komowa, wadda ake kewayawa sau 3 don ko mutum ya mutu a ƙetare kurwarsa ta dawo gida. Gaskiya ita ce mafi yawan waɗannan zanguna a farkon shekarun 1990 aka tsai da su, kuma masana masu bin tsofaffin takardu suna cewa labarin itatuwan daga bakin mutane ya fito, ba a same shi a rubuce-rubucen wancan zamani ba. Amma hanyar kanta babu gardama a kanta. Ta nan aka bi da su, a ɗaure, a jere, har bakin ruwa.

Kafin a kai teku ana ratsa ƙauyen Jegbaji, inda mata ke dafa gishiri. Suna kankare ƙasar fadama, su zuba cikin manyan kwanduna, su kwarara ruwa ya tsiyaye, sa'an nan su dafa ruwan a kan wuta har ya ƙafe ya bar gishiri fari tas. Duk wanda ya taɓa ganin masu gishirin Foga a ƙasar Gaya zai ce wannan ai aikin gida ne. Na tsaya na sayi ƙulli guda. Sana'ar nan ta girmi cinikin bayi, ta kuma ga bayansa.

Ƙarshen hanya shi ne Ƙofar Tafiya Ba Dawowa, wadda aka gina a 1995, shekara guda bayan hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na tunawa da hanyar bayi a nan Wida. Doguwar ƙofa ce a kan rairayi, an zana layi biyu na mutane ɗaure da sarƙa suna tafiya zuwa ga jirgi. In ka tsaya daga ɓangaren gari bayansu kake gani, in ka zagaya ɓangaren teku sai ka ga fuskokinsu. Bayan ƙofar babu komai sai ruwa. Babu gadar jirgi, babu mafaka, igiyar ruwa tana dukan gaɓa da ƙara kamar aradu. Saboda haka manyan jirage daga nesa suke tsayawa, a ɗauko masu kwale-kwale daga gaɓar ƙasar Gana ta yau su riƙa haurar da mutane ta cikin wannan hauka na ruwa. Ka tuna da yawa daga cikin waɗanda ake turawa cikin kwale-kwalen ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba.

Namu da suka bi ta nan

A nan ne labarin ya shigo gidanmu. Daga 1804, da yaƙe-yaƙen jihadi suka tashi a ƙasar Hausa, kamammu suka yawaita a kowane ɓangare. Yaƙin bai ƙare da cin Alkalawa ko Katsina ba, domin bayan Katsinawa sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma sun zauna Tsibiri, an shekara da shekaru ana kai wa juna hari, kowane hari kuma da ganimarsa ta mutane. Mafi yawan bayin a gida aka riƙe su, a rinji da gandu, wasu aka haura da su hamada zuwa Tarabulus, amma wasu an gangara da su kudu ta Nufe da ƙasar Yarbawa, aka fitar da su ta Ikko da Badagiri da Porto-Nobo da Wida. Bahiya aka fi kai su.

A can ba su kwanta ba. Takardun hukumar Bahiya sun nuna Hausawa ne a gaba a yunƙurin tawayen 1807, da tawayen 1809 da na 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi da ƴantattu Musulmi suka yi babban bore a birnin Salbado. Yarbawa ne suka fi yawa a wannan karo, amma da Hausawa a ciki. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu rubuce da Larabci. Bayan an murƙushe boren ne hukuma ta kori ɗaruruwan ƴantattu, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu, suka dawo wannan gaɓa. Daga cikinsu ne aka sami masallatan unguwar Maro da na ambata.

Mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka bi da su ta Wida ya bar mana labarinsa a rubuce, sunansa Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, wanda Turawa ke rubutawa Baquaqua. An haife shi a Jugu, arewacin Benin, zangon fataken goro a kan hanyar Gwanja. Ya ce mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. Ya yi karatun allo yana yaro, an yaudare shi aka kama shi, aka riƙa sayar da shi daga hannu zuwa hannu har Wida, wajen 1845 aka sa shi a jirgi zuwa Barazil. A 1847 ubangidansa ya tafi da shi birnin New York cikin jirgin kofi, can ya tsere. Ya zauna Haiti, inda ya shiga addinin Kirista, ya koma Amurka ya yi makaranta, a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit. Burinsa kullum ya koma ya ga uwarsa. Labarinsa na ƙarshe da aka samu daga Ingila ne, a 1857, yana neman hanyar komawa gida. Ina tsaye a bakin ƙofar nan na riƙa tunanin wannan ɗan Bakatsiniya, wanda da ƙaddara ta juya da watakila zuriyarsa na cikin masu shago a babbar kasuwar Maraɗi.

Laifi tudu ne

Yana da sauƙi mutum ya tsaya a Wida ya la'anci Nasara ya juya. Sun cancanci la'anar, don su suka kawo jirage da sarƙoƙi, su suka ci ribar gonakin rake. Amma Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bature bai shiga daji ya kamo kowa ba, a ganuwarsa yake zaune ana kawo masa. Tsakanin ƙauyen da aka kai wa hari da bakin teku akwai sarkin da ya ba da izini, da madugun da ya ja ayari, da fatoman da ya saukar, da dillalin da ya karɓi la'ada, kowannensu kuma yana ganin sana'a yake yi. Ba a kuma rasa masu faɗakarwa ba. Tun wajen 1615 Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu ya yi fatawa ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. An karanta fatawar, ciniki ya ci gaba, saboda riba ta fi wa'azi ƙarfin murya.

Wani zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, me ya kawo tonon abin da ya wuce? Amsa ita ce bai gama wucewa ba. A ƙasarmu sai a 2003 aka sa bauta cikin kundin laifuffuka da hukuncin ɗauri, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidriya da aka kafa a 1991. A watan Oktoban 2008 kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta ba Hadizatu Mani gaskiya, wadda aka sayar tana da shekara 12 a 1996, ta kuma umurci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Har yanzu akwai gidajen da ake binciken asalin mai neman aure a ce jikan bawa ne. Mutanen Benin, da Abome mai sayarwa da ƙauyukan da aka kwashe duk ƙasa ɗaya ce yau, sun yarda su gina ƙofa su rubuta abin da ya faru, har a 2024 suka yi dokar ba jikokin bayin da ke ƙetare damar zama ƴan ƙasa. Mu a wace kasuwa muka kafa ko da allo guda da ke cewa nan aka sayar da mutane?

Bayan ƙofa

Kada mai karatu ya zaci Wida garin makoki ne. Ƴan taku kaɗan daga ƙofar masunta ne ke jan taru, mutum talatin ko fiye a kan igiya guda, suna waƙa suna ja da baya, mata na jira da kwanoni. Ana fasa maka ɗanyar kwakwa ka sha ruwanta, ana soya kifi a ci da akasa, wato agidin masara, da yaji mai sa hawaye. A cikin gari akwai gidan Ajavon, wani kyakkyawan soron Aguda na 1922, wanda gidauniyar Zinsou ta gyara ta buɗe a 2013 don nuna ayyukan masu zane na Afirka. Akwai kasuwar Zobe mai manja da garin rogo da busasshen jatan lande. Gargaɗi ɗaya zan yi wa ɗan'uwa: kada sha'awa ta sa ka shiga tekun nan wanka, ruwan yana da ja, ko ƴan gari suna tsoronsa. Ka kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko wurin tsafi, ka yi ciniki da mai rakiya tun kafin ku tashi.

Ita kanta Wida darasi ce ga mai tasha. Da cinikin bayi ya mutu ta koma fitar da manja, sa'an nan Faransawa suka gina gadar jirgi a Kwatanu a ƙarshen ƙarni na 19, aka buɗe babbar tashar zamani a 1965, ciniki ya tashi ya bar ta da soraye da tarihi. Mu ma mun ga yadda hanya ke juyawa: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, kaya masu yawa suka koma bin Lome da Burkina, da tsada da haɗari. Hanya takan rufe ta buɗe, tasha takan cika ta watse, amma abin da aka yi a kasuwa yana nan a rubuce, ko mutane sun manta Mai sama bai manta ba.

Saboda haka, Alhaji, duk ranar da Allah ya kai ka wannan gaɓa, ko ta Kwatanu ko ta Lome, tunda Wida a tsakaninsu take, ka bar yaranka da jiran takardu ka ba ta yini ɗaya. Ka taka kilomita huɗun nan da ƙafarka, ka tsaya a bakin ruwa ka yi wa waɗanda suka tafi addu'a, don a cikinsu akwai masu salla da ba su sami mai yi musu salla ba. In ka dawo gida ka ba ƴaƴanka labari tare da tsaraba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsarkake mana abin da muke ci, ya raba mu da cinikin da za mu ji kunyarsa gobe ƙiyama. Amin.